Kundin Darasin Yamma a Jekadafari: Neman Inda Lissafi Ke Kuɓuce wa Yaro

Juma'a, 4 ga Oktoba, 2024

Yau na buɗe darasin yamma a zauren gidanmu da ke Jekadafari, cikin garin Gombe, da yara goma sha shida, maza tara da mata bakwai, dukkansu 'yan aji biyu da aji uku na ƙaramar sakandare, kuma 'ya'yan maƙwabta. Mun tsayar da Alhamis da Juma'a bayan la'asar, domin su ne ranakun da babu Islamiyya. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu ya faɗi lissafi a zangon da ya wuce, kuma kusan duk uban da ya kawo ɗansa magana ɗaya ya yi mini: "Malam, ga shi nan, ba ya ja."

Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da lissafi, kuma na daɗe ban gamsu da wannan kalma ba, domin ba ta nuna wurin da igiyar ta tsinke. Akwai yaron da tambayar ba ta shiga kunnensa ba tun farko saboda hankalinsa yana wani wuri, akwai wanda ya ji amma kafin a kai ƙarshen tambaya farkonta ya zube masa, akwai kuma wanda ya riƙe ta duka ya rasa abin da zai yi da ita. A takardar sakamako dukkansu jan biro ɗaya suke samu. Aikin da na ɗora wa kaina daga yau zuwa azumi shi ne in gano gaɓar da kowane ɗayansu yake tuntuɓe, in rubuta abin da na gani ko da ya saɓa wa abin da nake so.

Zatona a yau shi ne yawan hadda ne ya lalata musu tunani, wato sun saba maimaita abin da aka faɗa ba tare da sun auna shi ba. Na rubuta wannan zato ne domin in dawo in bincike shi.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ban koyar da komai ba yau. Na riƙa kiran yara ɗaya bayan ɗaya, ina faɗin lambobi a jere, su maimaita, ina ƙara ɗaya har su kasa. Mafi yawansu sun tsaya a biyar ko shida. Da na ce su maimaita daga ƙarshe zuwa farko, sai aka dawo uku ko huɗu, domin yanzu aiki biyu ne a kansu, riƙewa da juyawa, kuma wuri ɗaya ake yin su.

Wannan ba abin kunya ba ne ga yaran, haka ɗan Adam yake. A 1956 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, George Miller, ya ƙiyasta cewa abin da mutum ke iya riƙewa a lokaci guda bai wuce bakwai ba, da ƙari ko ragin biyu, sannan a 2001 Nelson Cowan ya nuna cewa idan aka hana mutum maimaitawa da ƙulla abubuwa wuri guda, adadin ya fi kusa da huɗu. Da zan yi wa yaran bayani sai na aro faifai daga cikin gida. Na ce musu ƙwaƙwalwa tana da rumbu wanda ba a san iyakar abin da yake ci ba, tana kuma da faifai wanda a kansa ake tsince da sheƙe, kuma komai girman rumbun mutum, faifansa ɗan ƙarami ne. Wata yarinya ta ce to ta yaya take riƙe lambar wayar mahaifinta mai lamba goma sha ɗaya. Na ce ta faɗa. Ta faɗe ta kashi uku, kuma huɗun farko, 0803, a wurinta abu guda ne domin ta ji shi sau ɗari. Ita da kanta ta ba da amsar tambayarta.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Abin da ya faru yau ya isa ya zama dalilin wannan aiki gaba ɗaya. A cikin yaran akwai wanda ke taya mahaifinsa ciniki a kasuwar Tudun Hatsi ranakun Asabar da Lahadi, kuma shi ne mafi ƙarancin maki. Na rubuta a allo da Turanci cewa a ninka 1,200 sau 7, a cire sakamakon daga 10,000. Ya ɗauki kusan minti shida, ya jera lambobin a karkace, ya manta abin da ya riƙe a hannu, ya fito da amsar da ta fi kuɗin da aka fara da shi. Bai ma lura da hakan ba.

Bayan an ɗan jima na zauna kusa da shi na ce, a matsayin mai saye, ya auna mini masara mudu bakwai a kan dubu ɗaya da ɗari biyu, ga dubu goma, ya ba ni canjina. Kafin in rufe baki ya ce, "Malam, canjinka jaka takwas." Na tambaye shi yadda ya yi. Ya ce mudu jaka shida ne, bakwai ya kama jaka arba'in da biyu, dubu goma kuwa jaka hamsin ce, saura takwas. Jaka a bakin 'yan kasuwa naira ɗari biyu ce, saboda haka jaka takwas naira 1,600 ke nan, amsa daidai.

Na daɗe ina tunanin wannan bayan sun tafi. Lissafin guda ne, yaron guda ne, faifansa bai ƙara faɗi ba tsakanin ƙarfe huɗu da rabi da ƙarfe biyar. Abin da ya sauya shi ne a karo na biyu rumbunsa ya kawo masa agaji: ya mayar da manyan lambobi masu sifiri zuwa ƙanana uku, shida da bakwai da hamsin, waɗanda suka zauna a faifan har da sauran wuri. Wannan sauran wurin shi ne inda ake tunani, inda mutum ke tambayar kansa ko amsar ta yi kama da gaskiya. A karo na farko faifan ya cika da ƙoƙarin fassara Turanci da tuna inda ake ajiye lamba, don haka babu gurbin da zai ga cewa canji ba ya fin kuɗin da aka bayar, abin da ba zai taɓa yarda da shi ba a gaban buhun mahaifinsa.

An taɓa ganin irin wannan a birnin Recife na ƙasar Barazil. A binciken da Terezinha Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann suka wallafa a 1985, sun je wurin yara biyar masu talla a titi a matsayin masu saye, yaran suka ci kusan kashi 98 cikin 100 na lissafin cinikin, amma da aka ba su lambobin nan tsurarsu da takarda da fensir, sai suka ci kusan kashi 37. Yara biyar ba su da yawa, amma abin da aka gani a can shi na gani da idona a zaure.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Yara bakwai kawai suka zo, sauran suna gona wajen girbin wake. Ban shiga sabon abu ba. Mun yi minti goma a kan jadawalin sau, na sallame su da wuri.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Makonni uku ina lura da cewa waɗanda ke zaune suna fuskantar ƙofar zaure sun fi yawan cewa in maimaita tambaya. Duk ɗan acaɓan da ya wuce, duk mai sallama da zai shiga gida, sai idonsu ya bi shi, kuma idan ido ya dawo, abin da ke kan faifan ya riga ya zube. Yau na juya tabarmi suka ba ƙofa baya, na kuma roƙi mutanen gida su riƙa bi ta ƙaramar ƙofa na awa ɗaya da rabi.

Na nuna musu a wayata, uku-uku, hoton bidiyon nan na gwajin da Daniel Simons da Christopher Chabris suka yi a jami'ar Harvard a 1999, inda ake cewa mai kallo ya ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa wa juna ƙwallo, ana cikin haka wani ya ratsa tsakiyarsu sanye da kayan goggon biri. A gwajin asali kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba. A nan, takwas cikin goma sha huɗu ba su gan shi ba, har ɗaya ya rantse cewa na sauya hoton a karo na biyu. Na so su gane cewa buɗe ido daban, gani daban, kuma abin da hankali bai sauka a kansa ba ba ya kaiwa faifai, balle ya isa rumbu.

Akwai labarin da ya fi wannan nuna yadda hankali ke tallafe abin da ake riƙe da shi. A 1953 an yi wa wani Ba'amurke, Henry Molaison, tiyata a ƙwaƙwalwa saboda farfaɗiya, aka cire masa wani sashe daga ɓangarorin biyu, har da mafi yawan gaɓar da ake kira hifokamfas. Daga nan har rasuwarsa a 2008 ya kasa ajiye sababbin al'amuran da suka same shi, alhali hirarsa da wayonsa suna nan. Brenda Milner, wadda ta shekara da shekaru tana nazarinsa, ta taɓa ba shi lamba 584, ya riƙe ta minti goma sha biyar ta hanyar jujjuya ta a zuciyarsa, amma da aka ɗauke masa hankali da wata magana, lambar ta tafi, har ma ya manta an ba shi wata lamba. Yarana lafiyarsu ƙalau, hanyar rumbunsu a buɗe take, sai dai sabon darasi kafin ya zauna, halinsa ɗaya da lambar nan: hankali ne kaɗai ke riƙe da shi, ƙarar babur ɗaya ta isa ta kayar da shi.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Babu darasi yau, amma na je majalisar dattawan unguwa da ke buga dara a gindin maina. Na karanta cewa a 1973 William Chase da Herbert Simon sun nuna wa gwanin darar Turawa da ɗan koyo allon wasa na daƙiƙa biyar, suka ce su sake jera 'ya'yan. Idan jerin daga wasan gaske aka ɗauko shi, gwanin yana yi wa ɗan koyo fintinkau, amma idan an watsa 'ya'yan ne kara-zube, fifikonsa kusan gaba ɗaya yana ɓacewa. Na so in ga ko haka abin yake a darar gida mai gurbi talatin.

Na nemi izinin dattijon da kowa ya sallama wa a wurin. Ya juya baya, wasu biyu suka buga har tsakiya, ya waiwayo na ƙirga biyar, na rufe da tabarma. Ya haƙa wasu gurabe a gefe ya jera, bai kuskure ba sai a ɗa biyu, har yana gaya mana wanda zai ci. Ni da na gwada irin wannan, shida na iya mayarwa. Sai na watsa tsinkayen da tsakuwoyin yadda hannuna ya kai, na ce, "Baba, a sake dubawa." Ya duba, ya mayar da bakwai, ya ɗago ya ce, "Ɗana, wannan ai ba dara ba ce, ba mai zuba 'ya'yansa haka." Idonsa bai fi nawa kaifi ba, faifansa bai fi nawa faɗi ba. Shekarun da ya yi a gindin bishiyar nan ne suka cika masa rumbu da siffofin wasa, yana ganin tarko guda a inda nake ganin tsinke biyar. Na dawo gida zatona na ranar farko ya fara rawa.

Alhamis, 5 ga Disamba

Na sake gwajin jerin lambobi, sau ɗaya da Hausa, sau ɗaya da Turanci. Dalilina shi ne Alan Baddeley da abokan aikinsa a Birtaniya sun nuna a 1975 cewa mutum yana riƙe kimanin kalmomin da zai iya furtawa cikin daƙiƙa biyu, don haka dogayen kalmomi sun fi cin wuri. Lambobinmu daga ɗaya zuwa tara kowace gaɓa biyu ce, na Turanci kuwa gaɓa ɗaya-ɗaya ne in ban da bakwai. Yara tara sun riƙe ƙarin lamba ɗaya idan an faɗa da Turanci, biyar babu bambanci, biyu sun fi da Hausa. Yara goma sha shida a zaure ba su isa a kafa hukunci da su ba, kuma sun fi sabawa da jin lambar waya da Turanci, wanda shi ma zai iya jawo hakan.

Amma inda tambaya ta zo cikin labari, al'amarin juyewa yake yi sarai: da Hausa suna kama abin da ake nema nan take, da Turanci rabin ƙarfinsu yana ƙarewa a kan kalmomi. Na yanke shawarar barin su su ƙirga da harshen da ya fi musu sauƙi, amma kowace tambaya sai yaro ya faɗe ta da Hausa da bakinsa kafin ya taɓa biro. Jarrabawa da Turanci za ta zo, na sani, shi ya sa muke karanta Turancin tukuna, mu fassara, sannan mu warware.

Lahadi, 22 ga Disamba

An yi hutu. Cikin yaran akwai yarinyar da ta haddace izu ashirin, kuma ita ce na fi ɗora wa zaton cewa hadda ta hana ta tunani. Yau na je gaida alaramman da ta fara karatu a wurinsa kafin ta shiga Islamiyya, na ce, "Allah ya gafarta Malam, na zo ne in ji yadda kuke sa karatu ya zauna." Ya yi mini bayani fiye da awa guda. Ba a ƙara wa yaro sai ya biya na jiya da ka, ba a wanke allo sai malam ya ji da kunnensa ba tare da yaron ya kalla ba, ƙarin kuma ɗan kaɗan ne daidai ƙarfin mai ɗauka, sannan tilawar baya ba ta yankewa ko an yi nisa. Ya kawo hadisin da ya kwatanta mai haddar Alƙur'ani da mai raƙumi ɗaure, in ya kula da shi ya riƙe shi, in ya sake shi ya tafi.

Ina sauraronsa ina ganin abubuwan da masu bincike suka auna daga baya. Hermann Ebbinghaus na Jamus, wanda ya gwada kansa da haddar gaɓoɓi marasa ma'ana ya wallafa a 1885, ya gano cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko sannan ta lafa, kuma maimaici 38 da aka raba cikin kwana uku ya yi masa aikin maimaici 68 na zama ɗaya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun ba ɗalibai rubutu, wasu suka sake karantawa, wasu aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu sake karatu ne a gaba, amma bayan mako guda waɗanda suka tuno da ka sun riƙe kashi 56 cikin 100, masu sake karatu kashi 42. Biya karatu da ka kafin wanke allo shi ne wannan, kuma a ajinmu na boko mun yar da shi, muna cewa yara su je su karanta littafinsu.

Na faɗa masa zatona ba tare da ɓoyewa ba. Bai musa mini duka ba. Ya ce hadda ba ta zama fahimta da kanta, shi ya sa mai sauka yake komawa zauren malamai ya ɗauki littattafai, amma wanda bai riƙe nassi ba, da me zai yi fahimtar? Ya ƙara da cewa ayoyi masu kama da juna ba a tsallake su da maimaici kawai, sai mai karatu ya farka ya san a wace sura yake da abin da ya gabata, in ya yi gyangyaɗi kaɗan sai ya faɗa wata surar. Ashe ko cikin tilawa hankali da tunani suna aiki, ba harshe kaɗai ba.

Na janye zatona na 4 ga Oktoba. Yarinyar nan ba yawan hadda ya dame ta ba. Rumbunta na lissafi ne babu kowa a ciki, domin ba a taɓa cika shi da tsarin da aka cika na karatunta ba: har yanzu da yatsu take nemo bakwai sau takwas, kuma kafin ta nemo, tambayar ta gudu.

Juma'a, 10 ga Janairu, 2025

Mun dawo jiya cikin hazo da sanyi, na gwada su a kan abin da muka yi kafin hutu. Jadawalin sau, wanda muke taɓawa minti biyar zuwa goma a kowane zama tun Oktoba, yana nan daram a wurin goma sha uku daga cikinsu. Lissafin riba da faɗuwa kuwa, wanda na cusa musu a zama ɗaya mai tsawo ranar ƙarshe domin ina son mu rufe babin, mutum uku ne kawai suka tuna hanyarsa. Laifin nawa ne, kuma ranar da na yi shi na tashi ina murna domin kowa ya ci aikin da na ba shi nan take. Abin da yaro ya iya a ƙarshen darasi yana kan faifai ne, ba a sanin ya shiga rumbu sai an kwana biyu an nema.

Sabon tsari daga yau: kowane zama zai fara da tambayoyi biyar a rufe littafi, biyu daga makon jiya, biyu daga watan jiya, ɗaya daga farkon aiki.

Alhamis, 23 ga Janairu

Akwai yarinyar da ke cin tambayoyi idan ina zagayawa ina duba littattafai, amma da na kira ta gaban allo sai ta daskare, ko uku sau huɗu ba ta iya faɗa. Da na keɓe ta na tambaya, ta ce a wata makaranta da ta yi a baya duk kuskure ɗaya bulala ɗaya ce a gaban aji, kuma da ta riƙe alli abin da take ji kawai shi ne za a yi mata dariya. Mark Ashcraft da Elizabeth Kirk sun nuna a 2001 cewa masu fargabar lissafi suna rasa wani kaso na wurin riƙewa a lokacin da suke lissafin, musamman inda ake riƙe lamba a hannu, domin damuwar kanta tana zama a kan faifan. Wannan ya ba ni haushi ƙwarai, domin bulalar da aka yi don ta iya ita ce ta cinye wurin da za ta yi tunanin. Na daina kiran kowa gaban allo shi kaɗai, yanzu biyu-biyu suke fita, ɗaya yana faɗa ɗaya yana rubutawa.

Na kuma sauya yadda nake shigar da sabon babi, bisa abin da John Sweller na Ostareliya ya bayyana a shekarun 1980, cewa ɗan koyo ya fi amfana da misalin da aka warware masa mataki-mataki fiye da a jefa shi cikin tambaya ya yi ta lalube. Ina warware ɗaya cikakke, na biyu in bar matakin ƙarshe, na uku in bar biyu, har su ɗauka daga farko.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Yau na gwada tunanin kansa. Na ce mutum uku sun nome gona cikin kwana shida, kwana nawa mutum shida za su yi. Goma sha ɗaya suka ce goma sha biyu, cikin sauri da jin daɗi, domin makonni biyu muna yin tambayoyin da in abu ya ninku kuɗinsa ma ya ninku. Rumbun ya miƙo musu hanyar da ya saba miƙowa, ba wanda ya tsaya ya duba ko ta dace. Sai wani yaro da iyayensa ke noma a wajen Kwami ya ce, "Malam, ai gayya rage kwana take yi, ba ƙarawa ba." Zauren ya yi tsit, sannan hannaye suka fara gogewa suna rubuta uku.

Wannan ya nuna mini iyakar abin da na koya a watan Disamba. Cika rumbu wajibi ne, amma abin da ya zauna sosai yana fitowa ko ba a kira shi ba, kuma aikin hankali a nan shi ne ya tare shi a ƙofa har a tambaye shi. Yaron bai fi sauran iya sau ba, abin da ya yi shi ne ya ga gonar a zuciyarsa kafin ya ga lambobin. Na ƙara doka ɗaya: kafin a lissafa, kowa ya rubuta ko amsar za ta fi lambar da aka bayar ko za ta gaza ta, da dalili a jimla ɗaya. Zan kuma riƙa cakuɗa nau'o'in tambaya a zama guda, domin in duk iri ɗaya ne, ba wanda ke buƙatar zaɓar hanya.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Wannan ne zama na ƙarshe kafin azumi, ana sa ran ganin wata gobe. Na ba su tambayoyi ashirin masu nauyin waɗanda na ba su a makon farko. Goma sha ɗaya sun haura rabi, alhali a Oktoba biyu ne suka haura. Ɗan mai hatsi ya ci goma sha huɗu, kuma na ga a gefen takardarsa yana mayar da kuɗi jaka-jaka domin ya tabbatar da amsar da ya samu ta hanyar makaranta. Mai izu ashirin ta ci goma sha shida, ita ce ta ɗaya. Ba zan iya rabe wane gyara ne ya kawo wane ci gaba ba, tunda na sauya abubuwa da yawa a tare, kuma zaman awa uku a mako da malami a kusa ko ba dabara zai yi wani tasiri.

Uku sun matsa kaɗan, biyu kuwa suna inda suke. Ɗaya daga cikin biyun yana zama a shagon yayansa har sha biyun dare yana jiran masu cajin waya, yana zuwa da jajayen idanu, kuma barci yana cikin abin da ke zaunar da karatun yini. Na yi magana da yayan, ya ce zai riƙa sallamarsa bayan isha'i. Ɗayan na lura tun watan jiya yana karkato kunnen dama idan ina magana, kuma yana cin tambayar da aka rubuta fiye da wadda aka faɗa. Na gaya wa mahaifinsa ya kai shi asibiti a duba kunnen, ya ce sai ranar Litinin.

Na yanka kwali na rubuta wa kowane yaro kati talatin, tambaya a gaba, amsa a baya, kati ɗaya sabo kowace rana tare da biyar na baya, a yi bayan sahur ko bayan buɗa baki, duk wanda ya fi wa gidan sauƙi. Za mu koma zaure Alhamis ta biyu bayan sallah, kuma zan fara da tambayar gayya da wasu lambobi daban, in ga ko nawa ne za su tsaya su duba kafin su ninka.